Daga Allo Zuwa Allon Kwamfuta: Tarihin Sauye-sauyen Babbar Manhaja a Birnin Katsina

Gabatarwa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya janye tallafin da ya shafe shekara goma yana bai wa babbar manhajarsa mai suna Windows 10. A ranar babu kwamfutar da ta mutu a Katsina. Masu shagunan buga takardu sun buɗe ƙofofinsu kamar kullum, ɗalibai sun ci gaba da kai kundayen bincikensu a buga masu, ma'aikata sun zauna a kan teburansu. Amma daga ranar, duk na'urar da ta rage a kan tsohon tsarin ba tare da wani tanadi na musamman ba ta zama kamar gidan da maigadinsa ya ajiye aiki: gini na nan, kaya na nan, sai dai idan ɓarawo ya gano wata kafa a katanga, babu mai zuwa ya toshe ta.

Babbar manhaja ita ce tushen da kowane aiki na kwamfuta yake tsaye a kai. Ita ke karɓar umarni daga allon rubutu, ta raba wa sauran manhajoji wurin zama a ƙwaƙwalwar na'ura, ta adana fayil, ta aika takarda zuwa injin bugawa. Idan aka sauya ta, an sauya ƙasar da aka yi shuka a kanta. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda irin wannan sauyi ya riƙa riskar mutanen Katsina, ta auna manyan tsaruka uku da ke gogayya a duniya da ma'aunin bukatun birnin, sannan ta duba abin da ake tsira da shi da abin da ake bari a baya duk lokacin da aka yi ƙaura daga wani tsari zuwa wani.

Ƙaura ta Farko: Daga Ajami Zuwa Boko

Katsina ta daɗe da sanin adana ilimi a rubuce. Hasumiyar Gobarau shaida ce ta zamanin da birnin ya kasance matattarar malamai da fatake. A ƙarni na 17 an yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, waɗanda rubuce-rubucensu suka zagaya ƙasashen Sudan. A ƙarni na 18 kuma an yi Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya yi rubutu a kan hanyoyin tsara alƙaluma cikin hatimi, ya kuma rasu a birnin Alƙahira a 1741. Kayan aikin waɗannan bayin Allah su ne allo da tawada da alƙalamin kara da takarda, tsarinsu kuwa haruffan Larabci, waɗanda daga baya aka lanƙwasa su suka ɗauki Hausa a matsayin ajami.

Zuwan Turawa ya kawo wani tsarin dabam. A 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, makarantar da ta yaye irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. Boko ya zama rubutun ofis da na makarantar gwamnati. Haruffan Turawa ba su da gurbin wasu sautukan Hausa, don haka aka yi ta gwaje-gwaje, wasu na sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu na sa alama a gabansa, har cikin shekarun 1930 aka tsaya a kan haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A wannan zangon ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yana malami a Makarantar Midil ta Katsina a lokacin.

An ambaci wannan tarihi ne saboda darasinsa. Sauyin tsarin rubutu ya buɗe ƙofar ɗab'i da jarida, amma ya bar jikoki da yawa ba su iya karanta takardun kakanninsu. Abin da ba a juya zuwa sabon tsari ba ya koma cikin gafaka da adaka, yana jiran gara ko gobara. Irin wannan asara ce take maimaita kanta a zamanin kwamfuta, sai dai yanzu tazarar da ke tsakanin ƙaura da ƙaura ba ta wuce 'yan shekaru.

Shigowar Kwamfuta da Mulkin Windows

A watan Agusta na 1981 kamfanin IBM ya fitar da ƙaramar kwamfutarsa ta kan tebur, tana aiki da babbar manhajar DOS ta Microsoft. Baƙin allo ne da fararen haruffa, sai mutum ya haddace umarni da Turanci ya rubuta kafin na'ura ta motsa. A Janairun 1984 kamfanin Apple ya fito da Macintosh, mai hotuna da tagogi da ɗan linzamin da ake ja a kan tebur. Hanyoyin kamfanonin biyu sun rabu tun daga nan. Apple ya riƙe ƙera na'ura da rubuta manhaja a hannunsa. Microsoft kuwa ya sayar da lasisin manhajarsa ga duk mai ƙera kwamfuta irin ta IBM, sai na'urori suka yawaita, farashi ya sauko, kayan gyara suka cika kasuwa. Wannan shawara ta kasuwanci, wadda aka yanke a can ƙetaren teku, ita ce ta tsara irin kwamfutar da za ta iso arewacin Najeriya.

An ƙirƙiro Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987, kuma sababbin ma'aikatunta sun fara aiki ne da tafireta da takardar kabon da injin gurza takardu. A hankali kwamfuta ta riƙa shiga ofisoshi da bankuna da manyan makarantu. Fitowar Windows 95 a watan Agusta na 1995 ta sauƙaƙa al'amari ƙwarai, domin ko wanda bai haddace umarni ba yana iya danna hoto ya buɗe aiki. Masu buga takardu da tafireta a bakin kotuna da gidan waya suka fara ganin kasuwarsu tana komawa shagunan da suka ajiye kwamfuta da injin hoton takardu da ɗan janareta a bakin ƙofa.

Shekarar 2001 ta haɗa abubuwa uku masu muhimmanci. A cikinta aka kafa hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA. A cikinta wayar salula ta GSM ta fara aiki a Najeriya. A watan Oktobanta kuma aka fitar da Windows XP. Wannan manhaja ta dace da halin da ake ciki kamar an auna. Tana iya tashi da ƙwaƙwalwa mai megabayit 64 kacal, tana haƙuri da tsofaffin na'urori, masu gyara kuma sun san ta ciki da bai. Shagunan intanet da suka bazu a manyan titunan birni cikin shekarun da suka biyo baya kusan duk a kanta suka dogara. A kanta ɗalibai suka fara duba sakamakon jarrabawa, a kanta matasa suka buɗe adireshin imel na farko. A wannan zamanin ne kuma manyan makarantun birnin suka ƙaru: jami'ar da ake kira Al-Qalam a yau ta fara a 2005, jami'ar jiha da Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa ta biyo baya a 2006, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da suka riga su. Kowane ɗalibi na bukatar a buga masa kundi, don haka sana'ar buga takardu ta samu gindin zama.

Daga ina na'urorin suke fitowa? Mafi yawansu na hannu ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Sukan sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas, su bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja, su iso Kano, daga nan 'yan kasuwa su ƙaraso da su Katsina. Wani rahoto da ƙungiyar Basel Action Network ta fitar a 2005 ya ƙiyasta cewa kimanin kwantena 500 na tsofaffin kayan kwamfuta ke shiga Legas duk wata, kuma kaso mai yawa daga ciki ba ya gyaruwa. Ma'anar wannan ita ce, duk lokacin da aka sauya babbar manhaja a ƙasashen da ke ƙera ta, tsofaffin na'urorinsu kan kwararo nan. Sabon tsarinsu shi ke cika kasuwarmu da tsohon tsari, mu kuma mu riƙa tafiya da tazarar zango ɗaya ko biyu a bayansu.

Haruffa Uku da Suka Rasa Masauki

Babu inda illar sauyin tsari ta fi bayyana ga mai nazarin Hausa kamar a kan haruffa masu lanƙwasa. Kwamfutocin farko an gina su ne a kan jerin alamomi 128 da aka tsara domin Turanci, daga baya aka faɗaɗa zuwa 256 domin harsunan Yammacin Turai. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Marubucin Hausa ya rasa yadda zai bambanta ƙasa da kasa, ko ɗaki da daki, ko ɓata da bata. Wasu suka koma sa alama a bayan harafi, wasu suka riƙa buga takarda su bi ta da biro suna lanƙwasa haruffan ɗaya bayan ɗaya.

Cikin shekarun 1990 aka samu mafita ta gida. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano ya ƙirƙiro salon haruffa masu suna Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka bazu a sassan koyar da Hausa da maɗaba'u da shagunan buga takardu a faɗin Arewa. Dabarar ita ce a ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba, a zana harafin Hausa a wurin. Hidima ce babba, kuma littattafai da kundaye masu ɗimbin yawa da ita aka buga su. Sai dai aro aro ne. A can cikin na'ura alamar asali ce ke ajiye, zanen kawai aka sauya. Da zarar an ɗauki fayil zuwa kwamfutar da ba ta da wannan salon haruffa, ko aka goge na'ura aka ɗora sabuwar manhaja, sai kalmar ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya, ɓarawo ya koma ~arawo. Duk wanda ya taɓa karanta tsohuwar maƙalar Hausa da aka ɗora a intanet ya ci karo da waɗannan tabo.

Magani na dindindin ya zo ne daga tsarin Unicode, wanda aka fara fitarwa a 1991 da nufin bai wa kowane harafi na kowane harshe lambarsa ta kansa. A cikinsa ƙ tana da gurbinta, ɗ da ɓ ma haka, haka nan ƴ da ake rubutawa a Jamhuriyar Nijar. An ɗauki shekaru kafin manyan manhajoji su karɓi tsarin sosai, su kuma tanadi allon rubutu na Hausa. Tun daga zamanin Vista da Windows 7 Microsoft ya riƙa fitar da fassarar fuskar manhajarsa cikin Hausa da Yarabanci da Ibo. A yau wayar hannu mai araha tana rubuta haruffan nan ba tare da wahala ba. Amma dubban fayilolin da aka rubuta da tsohuwar dabara suna nan a faya-fayai da rumbunan tsofaffin kwamfutoci, kuma babu sabunta manhajar da za ta gyara su da kanta. Sai an zauna an juya su, kamar yadda ake juya ajami zuwa boko.

Tsaruka Uku a Ma'aunin Katsina

Idan aka ɗora Windows da macOS da Linux a kan sikeli, nauyin kowanne ya danganta da wanda ke riƙe da sikelin. Bakatsine mai shago yana tambayar abu huɗu: nawa ne kuɗinta, wa zai gyara ta idan ta lalace, za ta buɗe takardun abokan ciniki, kuma za ta jure ƙura da zafi da ɗaukewar wuta?

Windows ta yi rinjaye saboda amsarta ga tambaya ta biyu da ta uku. Masu gyaranta suna ko'ina, kuma manhajojin da ake cin abinci da su, irin su Word da Excel da CorelDraw da masu zanen kati da kalanda da allunan talla suka saba da ita, a kanta suka fi zama. Rauninta shi ne tsadar lasisi, wadda ta sa kwafin da ba na halal ba ya yawaita, da kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo daga filashi zuwa filashi.

Kwamfutocin Apple an san su da ƙarko da kyawun aiki wajen tace hoto da sauti da fim, kuma tun da kamfanin ya koma amfani da masarrafar da ya ƙera da kansa a 2020 batirinsu ya ƙara daɗewa, abin da ke da daraja a garin da wuta ba ta tsayawa. Amma farashinsu ya fi ƙarfin yawancin ɗalibai, kayan gyaransu kuma sau da yawa sai an aika Kano ko Abuja ko Legas.

Linux kuwa tarihinta dabam ne. Wani ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, aka haɗa ta da kayan aikin shirin GNU da Richard Stallman ya assasa a 1983. Kyauta ce, kuma kowa na da izinin dubawa da gyarawa da rabawa. A 2004 ɗan Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth ya fito da nau'in Ubuntu, har kamfaninsa ya riƙa aika faya-fayanta kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya, sai a 2011 aka daina. A Najeriya ma an yi yunƙurin Wazobia Linux, wadda aka yi nufin ta yi magana da manyan harsunan ƙasar uku. Linux tana rayar da tsohuwar na'urar da Windows ta yi wa nauyi, amma ƙarancin masu koyar da ita da rashin wasu manhajojin da aka saba da su sun taƙaita ta ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta da masu kula da manyan na'urorin sadarwa. Abin mamaki shi ne, wayoyin Android da suka cika aljihunan mutanen birni da ƙauye a kan zuciyar Linux aka gina su. Ta shiga kowane gida ba tare da an san sunanta ba.

Cewa zaɓin manhaja ya wuce sha'awar mutum ɗaya ya fito fili a 2007, shekarar da Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulkin ƙasa. An ƙulla cinikin ƙananan kwamfutocin ɗalibai guda 17,000 na kamfanin Intel domin makarantun Najeriya, ɗauke da Linux ta kamfanin Mandriva na Faransa. Sai labari ya fito cewa za a goge ta a ɗora Windows. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugaban Microsoft, Steve Ballmer, yana ƙorafi, maganar ta zagaya jaridun duniya, daga baya hukumar gwamnati da ta biya kuɗin mafi yawan na'urorin ta ce za a bar su da Linux. Abin da kamfanonin biyu suka fahimta shi ne, tsarin da yaro ya fara koyo da shi, da wuya ya rabu da shi idan ya girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Matakalar da Ba Ta Ƙarewa

Bayan XP, Vista ta zo a farkon 2007 da nauyin da tsofaffin na'urori ba su iya ɗauka ba, mutane da yawa suka ƙi ta. Windows 7 ta 2009 ta samu karɓuwa. Windows 8 ta 2012 ta cire maɓallin farawa da aka saba da shi, ta rikita masu amfani. An janye tallafin XP ranar 8 ga Afrilu, 2014, na Windows 7 kuma ranar 14 ga Janairu, 2020. Haɗarin zama a kan tsarin da ba a toshe kafofinsa ba ya bayyana a watan Mayu na 2017, lokacin da ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida.

A daidai wannan zangon kwamfuta ta zama ƙofar da ba makawa sai an bi ta. Hukumar JAMB ta fara jarrabawa ta kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015. Yaron da ya fito daga Ƙofar Marusa ko Ƙofar Sauri, ko daga ƙauyukan Rimi da Batagarawa, makomar karatunsa ta rataya a kan sa'o'in da zai yi gaban allo da linzami. Neman aiki, rajistar makaranta, biyan albashi, duk sun koma can.

Windows 11, wadda ta fito ranar 5 ga Oktoba, 2021, ta zo da sharaɗin da ya bambanta ta da na baya. Ban da ƙwaƙwalwa mai gigabayit 4 da rumbu mai gigabayit 64, tana bukatar wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da masarrafa ta baya-bayan nan, wadda a ɓangaren Intel ta fara daga zubi na takwas, na wajen 2017. Kwamfuta na iya kasancewa lafiya lau, tana buga takarda tana shiga intanet, amma ƙofa a rufe take gare ta. Kamfanin nazarin kasuwa na Canalys ya ƙiyasta cewa na'urori kusan miliyan 240 a duniya ka iya zama shara saboda wannan sauyi. Idan aka yi la'akari da tarihin da ya gabata, ba wuya a gane inda wani kaso daga cikinsu zai nufa, da kuma kasuwannin da za a baje su da sunan araha.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa Katsina ba ta taɓa kasancewa a teburin da ake yanke ranar haihuwa ko ranar ritayar wata babbar manhaja ba. Abin da ke hannunta shi ne yadda za ta yi ƙaurar. Mai sayen kwamfuta ta hannu ya kamata ya tambayi shekarar masarrafarta kafin ya tambayi kyawun murfinta. Makarantar da ke da ɗaki cike da na'urorin da Windows 11 ta ƙi tana iya ɗora masu Linux su ci gaba da koyar da rubutu da lissafi da shirya manhaja, maimakon a jibge su a sito. Sassan koyar da Hausa da ɗakunan karatu na jami'o'in birnin suna da aikin da ba wanda zai zo daga waje ya yi masu, wato tattara kundaye da maƙalu da waƙoƙin da aka buga da tsofaffin salon haruffa, a juya su zuwa Unicode, a adana kwafinsu a wuri fiye da ɗaya tun kafin rumbunan da ke ɗauke da su su daina juyawa.

Rubutun al-Kashinawi ya kai kusan shekara 300, kuma wanda ya iya Larabci zai karanta shi yau da idonsa kawai. Kundin da aka buga a Katsina a 1998 aka ajiye a faifan fulofi kuwa, samun na'urar da za ta buɗe shi ya riga ya zama aiki. Birnin da ya riƙe takardun malamansa tsawon ƙarnoni bai kamata ya yi sakaci da rubutun shekara 30 da suka wuce ba.